Kifta Wuta Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa zama a unguwannin bayan tashar jirgin ƙasa ya san abin da ake nufi idan ƙwan lantarki ya kifta sau biyu. Ana nufin saura minti biyar a ɗauke wuta. Mai walda sai ya ƙarasa haɗa ƙarfen da ke gabansa, mai injin niƙa ya daina zuba sabon hatsi, mai aski ya yi maza ya gyara ɗaya gefen kan, kada ya saki mutum da rabin ƙeya. A asibitin haihuwa kuwa maigadi kan yar da butarsa ya ruga wajen janareto, wanda sai an lallashe shi kamar tsohon jaki kafin ya tashi. Ba doka ba ce, ba a kuma rubuta ta a ko'ina ba. Mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro ta, ya riƙe ta shekara talatin da ɗaya, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Malam Kifta.

Ma'aikacin tashar rarraba wuta ne, mai aikin rana, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Ɗakin aikinsa ba shi da taga sai wata ƙofar iska can sama. Akwai tebur na ƙarfe, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, da tarho baƙi, da katon littafin aiki. A jikin bango kuma hannayen ƙarfe tara ne a jere, kowanne da lambarsa, kowanne na riƙe da wutar wani yanki. Ka ja ƙasa, duhu. Ka tura sama, haske. Ba shi ke yanke wanda za a kashe wa ba. Tarho ne zai yi ƙara daga babban birni, wata murya da bai taɓa ganin mai ita ba ta ce, "Sauke layi na shida." Shi kuma ya sauke.

Yana da shekara ashirin da takwas abin ya faro. Ranar ya fita aiki ya bar matarsa da tsohon ciki, tana cewa bayanta ne kawai ke ɗan sara mata. Hantsi bai gama ɗagawa ba maƙwabta suka kwashe ta zuwa asibiti, ba wanda ya samu hanyar gaya masa. Ƙarfe goma sha ɗaya tarho ya ce a sauke layi na shida, ya sauke, ya koma ya zauna yana shan shayinsa. A daidai lokacin likita ya riga ya buɗe cikin matarsa. Da tocila biyu aka ciro 'yan biyu mata, da tocila aka ɗinke ta. Allah ya yi da sauran shan ruwa, su ukun suka rayu, amma ɗinkin ya fito a karkace kamar sawun maciji a yashi.

Da ya iso da yamma yana haki, ta dube shi daga kan gado ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Mazan mutane zane suke kawo wa matansu. Kai duhu ka aiko mini."

Wasa ta yi, don Uwar Biyu ko a bakin kabari sai ta yi zolaya. Shi bai ɗauke shi wasa ba. Washegari da tarho ya ce a sauke wani layi, sai ya ja hannun ƙarfen ƙasa ya mayar sama, ya sake ja ya mayar, sannan ya dubi agogo ya jira minti biyar. Bai gaya wa kowa ba. Mutane da kansu suka gane, don talaka ba ya buƙatar a yi masa bita kan abin da ya shafi abincinsa. Cikin wata guda, yarinya 'yar shekara biyar ma ta san ta ƙwala wa uwarta kira, "Inna, an kifta!"

Shekarun da suka biyo baya ya ga abin da ya gani daga kan kujerar nan. Sau uku sojoji na karɓar mulki, kuma duk sau ukun kafin rediyo ya faɗa shi ya sani, don sai an turo masa soja biyu su tsaya a kansa kada gidan rediyo ya rasa wuta. Sau biyar ana canza wa ma'aikatar suna. Duk canji sai a zo a goge allon ƙofa, a ba su sabuwar riga mai wata kala, amma taransifomar da ke tsakar tashar tana nan tana zubar da mai kamar yadda ya same ta. An gina katuwar madatsar ruwa a kudu, aka tashi ƙauyuka goma sha wani abu, aka rantse a rediyo cewa daga bana ko kaza ba za ta kwana a duhu ba. Madatsar ta fara aiki kuwa, wuta ta samu. Sai dai ba tasu ba ce.

Ƙasar ba ta da bakin teku. Duk abin da za ta saya ko ta sayar sai ya bi ta tashar jiragen ruwan maƙwabciyarta. Saboda haka manya suka zauna a otal suka ƙulla yarjejeniya: mu ba ku wuta, ku bar mana hanya, ku kuma tsare iyakarku kada 'yan bindiga su riƙa tsallakowa. Daga ranar layi na ɗaya ya zama na ƙetaren iyaka, aka shafa wa hannunsa jan fenti, ko da wasa ba a taɓa shi. Layi na biyu na bariki ne da kamfanin haƙar ma'adinai na baƙi. Na uku na unguwar manya. Daga na huɗu zuwa na tara kuwa, nan ne mutane suke, nan ne kuma ake yankar abin da za a cika wa na sama. Wayoyin da ke kai wuta wata ƙasa ta kan rufin gidajen mutane suke wucewa, suna ƙugi dare da rana, masu gidan na ƙasa suna fifita da kwali. Wanda ya ce wannan ba cin fuska ba ne, ya faɗi sunansa.

Kifta ba ɗan siyasa ba ne, bai taɓa ɗaga kwali a titi ba. Abin da ya sani shi ne tunda ba zai iya hana duhu ba, zai iya yin sallama kafin ya shigo da shi. Shugabanninsa na da duk sun sani, sun kawar da kai. Ɗaya ma har cewa ya yi, "Ka ci gaba, surukata a layi na bakwai take."

A gidan ma'aikata yake zaune, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, nan 'yan biyu suka girma har aka aurar da su. Tun zamanin da aka ɗauke shi aiki ƙa'ida ta ce wanda ya cika shekarunsa lafiya, gidan ya zama nasa tare da fansho. Wanda aka kora kuwa ya fita da tabarmarsa. Uwar Biyu ta shuka lemo a tsakar gidan, ta kafa kekenta na ɗinki a baranda, ta ce daga nan sai kabari. Saura wata bakwai ya yi ritaya aka sayar da ma'aikatar.

Masu ba ƙasa rance ne suka ce a sayar, gwamnati ta ce to. Sababbin masu kamfani suka turo wani matashin injiniya, ɗan shekara talatin, mai ladabi, mai takalmi fes. Ya zo da wani akwati mai allo, ya liƙa a bango, ya ce wannan zai riƙa rubuta duk motsin wuta yana aikawa hedikwata kai tsaye. Bayan wata ɗaya ya dawo da takarda a hannu, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

"Baba, tasharka ce ta fi kowace lalacewa a ƙasar nan."

Kifta ya ajiye kofin shayi. "Tashata? Yaro, shekara goma sha biyu rabon da wani abu ya ƙone a nan."

"A takarda nake nufi. Kullum akwatin nan yana rubuta katsewar wuta sau takwas, sau goma. Na bincika na gano kiftawarka ce. Kowace ɗaya matsala ce a wurinsa."

"To awa goma sha huɗun da layi na takwas ke yi babu wuta fa? Me yake rubutawa?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Wannan ba ya shiga. Wannan tsari ne."

"Sake faɗa in ji."

"Duhun da aka tsara ba matsala ba ne, Baba. Matsala ita ce wadda ba a tsara ba. Rahoton nan ƙasashen waje yake zuwa, da shi suke auna mu."

"Wato in bar mutum yini guda a duhu, na yi aiki. In ce masa gafara kafin in bar shi, na yi ɓarna."

"Ni ma ɗan aike ne. Don Allah ka daina. Wata shida ya rage maka, ka lallaɓa ka fita lafiya."

Ya daina ɗin. Kwana tara ya yi yana sauke layi kamar mai yanka kaza, ba sallama. Kwana taran nan bai ci abinci ya ji daɗinsa ba. Rana ta biyu mai aski ya tare shi a hanya da wani mutum mai rabin kai a aske, ya ce, "Malam, ga aikinka, sai ka ƙarasa masa da haƙori." Aka yi dariya, shi ma ya yi yaƙe. Rana ta biyar ba a yi dariya ba. Mai ƙaramar masana'antar bokitin roba a layi na biyar, wanda minti biyar ɗin nan ne ke ba shi damar zuƙe narkakkiyar roba daga injinsa, wuta ta yanke masa a tsakiyar aiki, robar ta daskare a ciki kamar dutse. Ma'aikatansa shida suka koma gida zaman jira. Rana ta tara babbar nas ta asibitin haihuwa ta zo da kanta har ƙofar tashar, da farar rigarta, ta ƙi zama.

"Malam Kifta, lafiya kake kuwa? Ko mun yi maka laifi ne?"

"Umarni ne daga sama, Sista."

"Sama ina? Jiya ina riƙe da jaririn da bai kai kwalbar lemo ba, injin numfashi ya tsaya cak. Minti huɗu ina hura masa da hannu kafin wancan mataccen janareto ya tashi. Ya rayu. Na gobe ban sani ba. Ka gaya wa na saman su sauko su riƙe mini tocila."

Ta juya ta tafi. A rana ta goma, da tarho ya ce a sauke layi na shida, hannunsa ya ja ya mayar, ya ja ya mayar, ya dubi agogo. Akwatin bango ya yi ɗan ƙara, ya rubuta.

Da a lokacin zaman lafiya ne, wataƙila da takardar gargaɗi za a ba shi a wuce wurin. Amma a watan ne 'yan bindiga suka tayar da turakun wuta biyu kusa da iyaka. Maƙwabciya ta yi kwana uku a duhu, ta fusata, ta tsayar da motocin kaya a tashar ruwa. Man fetur ya ɓace, farashin komai ya haura. Majalisa ta yi zaman gaggawa ta fito da doka mai zafi kan yi wa kadarorin wuta zagon ƙasa. Aka shiga neman wanda za a nuna wa duniya. Masu dasa bam suna daji da bindigogi, zuwa wurinsu sai an shirya. Tsoho mai ciwon gwiwa kuwa yana kan kujera, ga akwati yana ba da shaida a kansa kullum.

Aka dakatar da shi, aka kira shi gaban kwamiti a ofishin Manaja. Mutum uku ne: Manaja mai tumbi da zobba, Injiniya yana kallon ƙasa, da wani jami'in tsaro da bai cire baƙin tabarau ba ko a cikin ɗaki.

Jami'in ne ya fara. "Kiftawa biyu, sannan minti biyar, sannan duhu. Wannan alama ce. Wa kake yi wa?"

"Mai aski, ranka ya daɗe."

"Kana wasa da ni?"

"Da mai niƙa, da mai walda, da asibiti. Duk wanda ke da ido."

"Har da ɗan bindiga, ke nan. Shi ma yana da ido."

"Ɗan bindigar da zai jira a ɗauke wuta da tsakar rana kafin ya yi aikinsa, ai makaho ma ya fi shi."

Injiniya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Manaja bai yi ba. Aka ɗage zaman zuwa mako mai zuwa.

Labari ya zaga unguwanni, mutane suka ji haushi, suka ce ba za su zuba ido ba. Mai walda ya sayo takarda mai layi, wani malamin makaranta ya rubuta wasiƙa da kyakkyawan rubutu. Suka bayyana cewa Malam Kifta mutumin kirki ne, cewa shekara talatin da ɗaya yana kifta musu wuta da gangan, da saninsa, don tausayi, bai taɓa fashi ba sai kwana tara. Suka bi shago shago, gida gida, mai sa hannu ya sa, mai dangwale ya dangwala, har takarda ta cika shafi shida. Suka sa manyan riguna suka kai wa Manaja da hannunsu, suka dawo suna ta murna, har mai niƙa na cewa yau an ga ƙarfin talaka.

A zama na biyu, Manaja ya zaro wasiƙar ya shimfiɗa a tebur yana shafa ta kamar sabon zane.

"Da muna tunanin ko kuskure ne, ko tsufan na'ura. Yanzu ga mutum ɗari biyu da wani abu sun shaida cewa da gangan ne, shekara talatin da ɗaya. Mun gode musu, sun rage mana aiki."

Kifta ya dubi dangwalen yatsun, wasu da tawada, wasu da baƙin mai. Ya gane na mai walda, don babban yatsansa a tsage yake. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mutanen nan ƙaunarsa suka rubuta, kuma da ita za a ɗaure shi.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, Injiniya ya zo gidan. Ya cire takalmi a bakin baranda, ya durƙusa ya gaida Uwar Biyu, ta amsa masa da hanci, ƙafarta na kan keke.

"Baba, na samo hanya ɗaya, ita kaɗai ce. Na sha wahala kafin Manaja ya yarda, shi ma don ba ya son 'yan jarida ne. Za ka sa hannu a takardar da ke cewa hannunka rawa yake yi. Tsohon ciwo ne, ka daɗe kana ɓoyewa. In ka kama ƙarfen sai ya kuɓuce maka ya koma, shi ne kiftawar. Mutanen unguwa su ne suka ɗauka alheri ne. Likitan kamfani zai duba ka ya buga hatimi, a yi maka ritayar rashin lafiya. Gida naka, fansho naka."

"In na ƙi fa?"

"Kora. Sannan a miƙa fayil ɗinka ga mai tabarau."

Kifta ya miƙa hannunsa na dama a gaban saurayin, ya buɗe yatsu. Ko gezau. "Wannan ne ke rawa?"

"Na sani, Baba."

"Shekara talatin da huɗu ina kama wutar da in ta taɓa ka ko toka ba za a samu ba. Ban taɓa kuskuren layi ba. Yanzu in ce duk abin da na yi a rayuwata kakkarwa ce?"

"Zuwa jibi nake buƙatar amsa." Ya sa takalminsa ya fita, bai ko sha ruwan da aka ajiye masa ba.

Keken ɗinki ya tsaya. Uwar Biyu ta cire tabarau ta ajiye a kan yadi.

"Sa hannu za ka yi."

"Ke ma?"

"Ni ma. Ni ce ma ta farko. Kana tsammani ban ji zafi ba? Ji nake kamar in je in shaƙe mai tumbin nan da tef ɗin awo. Amma dube ni da kyau, Malam. Shekarata hamsin da biyar. Ina za ka kai ni? Gidan surukai, in riƙa tari a hankali kada in dame su? Ko ɗakin haya, mu da keke da gado da buta?"

"Mutane za su ce ƙarya na yi."

"Waɗanne mutane? Mutanen nan da suka kai ka da hannunsu? Na san don Allah suka yi, amma in an watso mana kaya waje, mai walda ƙofa zai ƙera mana, ba ɗaki ba. Kuma in mai tabarau ya ɗauke ka, wa zai dangwala yatsa ya fito da kai?"

"Ba ki gane ba. Ni ba ni da mota, ban gina komai ba. Abin nan ɗaya shi ne nawa."

Muryarta ta sauka. "Na gane sarai. Shi ya sa suke son sa. Da kujera ce ko agogo, da ba su nema ba." Ta mayar da tabarau, ta danna keke, ya yi ƙara, ta tsayar da shi, don zaren ya ƙare. "Ka yi musu shekara talatin da ɗaya. Ni rana ɗaya nake roƙo."

Ya je wurin shugaban ƙungiyar ma'aikata, ya same shi a sabon ofis mai sanyi wanda kamfani ya gyara masa. Mutumin ya ce lallai wannan zalunci ne, za su fitar da sanarwa mai ƙarfi bayan taron watan gobe. Kifta ya yi godiya ya fito. Ya bi ta bayan tashar, ya tsaya a jikin shingen waya yana kallon ɗakin aikinsa daga nesa, ƙofar a buɗe. An riga an sa wani a kujerar.

Ranar da wa'adin ya cika ya sa rigarsa mai kyau, Uwar Biyu ta raka shi asibitin kamfani, ta zauna a benci a waje da jaka a cinya. Likitan mace ce, ba ta fi sa'ar 'yan biyu ba, da tarin fayil a gabanta. Ta karanta takardar da Injiniya ya rubuta, wadda Kifta ya sa wa hannu a mota.

"Miƙo hannuwanka, Baba."

Ya miƙa. Ta ɗora farar takarda a bayan hannun dama. Takardar ta kwanta lumui kamar a kan tebur. Likita ta dube ta, ta dube shi, ta dubi ƙofa, inda wani ma'aikacin ofishin Manaja ke tsaye a matsayin shaida, yana danna waya.

"Baba," ta ce a hankali, "ba zan iya rubuta abin da ban gani ba."

Ya gane. Ba sa hannu kaɗai suke so ba, sai ya yi musu wasan a gabansu. Ya tuna benci a waje da wadda ke kansa. Ya runtse ido, ya fara kaɗa hannun. Da farko ya yi yawa, kamar mai korar ƙuda, har mai danna waya ya ɗago ya yi murmushi.

"Rage kaɗan," in ji likita, ba ta kalle shi ba. "Daga yatsu yake farawa."

Ya rage. Dattijo ɗan shekara hamsin da tara, ana koya masa yadda ake rawar hannu. Takardar ta yi ta karkarwa har ta zame ta faɗi ƙasa. Likita ta buga hatimi, ta miƙo masa fayil da hannu biyu, ta ce Allah ya ƙara lafiya, sannan ta shiga ɗan ɗakin wanke hannu ta daɗe ba ta fito ba.

A waje Uwar Biyu ta karɓi takardar, ba ta karanta ba, ta ninke ta huɗu ta tura can ƙasan jaka. Ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ta ce, "Mu je, rana na yi."

Gida ya zama nasu. Kamfani ya liƙa sanarwa a ƙofar tasha cewa an gano musabbabin katsewar wuta a yankin, rashin lafiyar wani tsohon ma'aikaci ne, an kuma magance. Rahoton wata na gaba ya fito tas, tashar ta koma cikin na gaba gaba a ƙasa. Layi na takwas kuwa ya ƙaru zuwa awa goma sha shida a duhu, amma wannan tsari ne.

Ya yi zaton mutane za su zo su zage shi, ya ma shirya abin da zai ce. Zagin bai zo ba. Abin da ya zo ya fi zagi. Ranar Asabar da hantsi wata tsohuwa mai sayar da ƙanƙara, wadda ta dangwala yatsa a shafi na biyu na wasiƙar, ta yi sallama ta shigo da kwalba a ƙulle cikin leda. Ta zauna a bakin baranda tana jimami.

"Ashe ciwo ne, Malam! Duk shekarun nan kana fama, mu muna can muna ta sa maka albarka, mun ɗauka dabara ce. Kai, Allah sarki. Ka ga ikon Allah, ciwon wani ya zama rahamar wani. To ga wannan, shi mijina ya sha da nasa ya tashi. Cokali ɗaya safe da yamma, ka daure da ɗacin."

Uwar Biyu ta miƙe tsam daga kan keke, bakinta a buɗe, magana ta taho mata har maƙogwaro. Ya ɗaga ido ya dube ta. Katangar gidan gajera ce, bayanta kuma gidan direban Manaja ne. Ta haɗiye, ta shige ɗaki, aka ji ta tana buga murfin tukwane da babu komai a cikinsu.

Tsohuwar ta zuba maganin a cokali da kanta, ta ce kada ya wahalar da hannun, ya buɗe baki kawai. Ya buɗe, ya haɗiye. Ya ce an gode, Allah ya bar zumunci.